Faɗin Matakalar Gidanmu

Hatimi kawai na je nema. Wannan nake so kowa ya riƙe kafin a fara ɗora mini laifi. Hukumar gari ta ce ba wanda zai rushe gida a cikin tsohon birnin Multan ya sake gini sai ya kawo zane mai hatimin mai zanen gini, ni kuwa nawa zanen yana cikin kaina tun ina Maskat. Shekara goma sha shida na yi a can ina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ina hawa rufin gidajen mutane da rana tsaka, har bayana ya ce ya gaji. Da na dawo gida, dawowar da babu komawa, abu ɗaya na sa a gaba: in rushe gidan da Abba ya bari, in yi shago biyu a ƙasa, mu kuma mu koma sama. Shago ɗaya in zauna da kayan aikina, ɗayan in ba da haya, don ranar da bayan nan ya ƙi tashi gaba ɗaya kada a koro 'ya'yana mata biyu daga makaranta.

Fuskar gidan ƙafa goma sha takwas ce. Shago biyu, sai 'yar matakala mai faɗin ƙafa biyu da rabi a gefe, ta karya kwana ta hau. Ustad Ramzan, maginin unguwarmu wanda ya gina rabin gidajen lungun, ya zana mini ita da gawayi a jikin bango cikin minti biyu.

Matsalar ita ce takardar gidan da sunan mahaifiyata take, kuma Ammi ta ce ba za ta dangwala yatsa a kan komai ba. Shekara bakwai ke nan tun rasuwar Abba ba ta taka matakalar gidan ba. Ko a watannin zafi da kowa ke hawa rufi neman iska, ita tana ɗakinta na ƙasa da maficinta. Na ɗauka ciwon gwiwa ne, har magani na riƙa aiko mata da shi daga Maskat. Wata uku ina lallashi, na bi ta ƙasa, na bi ta sama, na turo mata limami, kafin wata rana ta ajiye carbinta ta ce, "Zan koma sama. Amma Tahmina ce za ta zana gidan, jikar ƙawata Sughra. Abin da ta zana shi zan dangwala wa."

"Ammi, ko aljani ne ki kira shi, in dai yana da hatimi," na ce.

Ranar da za ta zo na shirya tsaf. Na kira Ustad Ramzan, na sa matata Robina ta dama madarar shanu mai sanyi, na buɗe hoton wani gida da na ɗauka a Maskat, mai fararen ginshiƙai da shuɗin gilashi tun daga sama har ƙasa. A sanina aikin mai zanen gini ke nan: ka nuna masa fuskar da kake so, ya kwafa, ya buga hatimi, ka sallame shi. Masu kuɗin sabuwar unguwa su ne ke zama da irin waɗannan mutane ana ta dogon Turanci. Mu gidanmu bai kai garejinsu ba.

Ta iso a keken haya, siririya, ba ta wuce shekara talatin ba, da jaka a rataye da tef ɗin awo a hannu. Ta gaida Ammi, ta sunkuya aka dafa mata kai, sannan ta karɓi wayata ta dubi hoton.

"Gidan ya yi kyau, Shafkat Sahib. Gabas yake kallo ko yamma?"

"Titi yake kallo."

"Naku yamma yake kallo. In muka sa wannan gilashin, a watan Yuni Khala za ta iya gasa gurasa a jikinsa, ba sai an hura wuta ba."

Ammi, wadda ita ce take kira Khala, ta yi dariya har da tari. Ni ban ga abin dariya ba.

Daga nan aka shiga tambayoyi. Wa ke fara tashi da asuba? A ina ake shanya? In an ɗauke wuta da rana, wane ɗaki ake gudu? A ina ake ɗaure akuyar layya, a ina ake yanka ta, jinin ta ina yake bi? 'Yan matan a ina suke karatu? Robina, wadda shekara goma sha huɗu muna tare ban taɓa jin ta yi ƙorafin gidan nan ba, sai ga ta ta buɗe baki ta yi rabin sa'a tana zuba. Ashe hayaƙin murhu yana sa mata ciwon kai, ashe kwatar gidan tana dawo da ruwa duk damina, ashe tana tsoron wayar wutar da ke kusa da famfo. Na zauna ina kallonta kamar baƙuwa.

Ustad Ramzan ya matso kusa da kunnena. "Shekara arba'in ina gini, ban taɓa tambayar matar gida inda take shanya ba. 'Yar nan gida ta zo zanawa ko ƙidayar jama'a?"

"Tambaye ta mana, Ustad."

"A'a, ni da 'yan boko sai kallo."

Da aka gama, Ammi ta ce duk mu fita. Ta rufe ƙofa, ita da Tahmina, sa'a guda cur. Da yarinyar ta fito idanunta sun yi ja. Ta wuce ta auna tsohuwar matakalarmu, ta hau ta sauko, ta sake aunawa a daidai inda take karya kwana. Na ce mata rushe ta za a yi, ba sai ta wahalar da kanta ba. Ta ce ta sani.

Na zaci jibi za a kawo zane. Sati uku aka yi. Maƙwabcina kuwa da ya ƙara ɗaki a bara, wuni ɗaya ya samo hatiminsa a wurin wani mutum da ke zama ƙarƙashin bishiya a gaban ofishin hukuma, mutumin ko gidan bai zo ya gani ba. Ita tamu sau huɗu tana dawowa, yau da hantsi, gobe da la'asar, wai tana duba inda rana ke faɗuwa. Rana dai da muka sani tun muna yara! Wani ma ya ce mini ya gan ta a ƙofar masallacin unguwa da tef ɗinta tana magana da ladan. Na ce madalla, wataƙila masallacin ma za ta haɗa mana a cikin zanen.

Ran da ta kawo, ta shimfiɗa takardar a kan gadon igiya a tsakar gida. Na duba, na juya ta, na sake dubawa.

"Ina ɗayan shagon?"

"Shago ɗaya ne, mai faɗin ƙafa goma sha biyu."

"Wannan hanyar motar kuma fa ta mece ce?"

"Matakala ce. Ƙafa huɗu da rabi. Nan kuma inda take juyawa na bar fili, ƙafa takwas."

Wallahi sai da na ji jini ya hau mini ka. Fili ƙafa takwas a tsakiyar matakala! Ɗakin da na kwana a cikinsa shekara goma sha shida a Maskat, mu huɗu, da kaɗan ya fi shi.

"Tahmina Bibi, mu nan ba sarakuna ba ne. Matakala ta hawa ce, ba ta zaman fada ba. Mu biyar ne a gidan nan, kuma ba wanda ya kai faɗin ƙafa biyu, har da Robina."

"Kun ji ku da wata magana," in ji Robina.

"Ba mutane kaɗai ke bin matakala ba," Tahmina ta ce a hankali. "Akwai kaya. Gado, kujeru, firji."

"Firji? Ni za a koya wa firji? Abin da ya ƙi bin matakala ai sai a ɗaura masa igiya a ja shi ta rufi, ko a zuro shi, kamar yadda kowa ke yi a lungun nan. Igiya ta ƙare a kasuwa ne?"

Ammi tana riƙe da kofin shayi. Ta ajiye shi a ƙasa, ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗakinta. Robina ta bi ta. Ustad Ramzan ya kama tari kamar ya haɗiyi ƙashi. Na dubi wannan na dubi wancan, kowa ya kau da kai.

Na bi Ammi har bakin ƙofa. "Gobe zan je wurin mutumin ƙarƙashin bishiya. Shi ba ya tambayar akuya."

"Je ka, ɗana," ta ce daga ciki. "Hatimin nasa ne, yatsan kuma nawa ne."

Washegari na ja Ustad Ramzan zuwa teburin mai shayi, na shimfiɗa masa zanen, don in sami wanda zai tsaya mini. Bai ba ni kunya ba da farko. Ya ce tagogin sun yi ƙanana. Ya ce ramin iskar da ta bari a tsakiyar gida tattabaru ne za su mai da shi masauki. Ya ce ƙarfen da ta rubuta ya isa a gina gada, ya ce wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba bai kamata ya gaya wa mai gemu kaurin ginshiƙi ba. Ina ta gyaɗa kai, raina fari.

"Yauwa, Ustad. Matakalar fa? Gaya mini gaskiya, ba hauka ba ne?"

Ya leƙa kofinsa. "Shayin nan ya huce. Kai mai shayi, ruwan wanka ka ba mu?"

"Ustad, matakalar nake tambaya."

"Ina da aiki a Ƙofar Dilli, sai mun haɗu." Ya tashi ya bar ni da takarda a hannu.

Nan na kira Tahmina a waya, a tsaye a bakin titi, masu babura na ta yi mini ƙaho. Na ce mata ni na ɗauke ta aiki, ni zan biya ta, don haka abin da na ce shi za ta zana. Na gaya mata maganar bayana da ta makarantar yara, abin da ban so gaya wa baƙuwa ba. Ta saurara har na gama.

"Na ji, Shafkat Sahib, kuma ban raina maganarka ba. Sai dai gidan nan mutum biyar za su zauna a ciki, kai ɗaya ne daga cikinsu. Ga shawara. Ranar Lahadi da safe zan jera matakalar biyu a ƙasa, taka da tawa, da bulo da gora, daidai girmansu, a filin bakin lungu inda ake kafa rumfar biki. In abin da ya kamata ya wuce ya wuce ta taka, zan zana maka shago biyu in buga hatimi a gabanka."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi. Khala ma ta yarda."

Na kashe waya ina murmushi. A ranar na samo wani tsohon firji mai ƙofa biyu, mafi girman da ke lungun, na auna shi a ɓoye sau uku. Zai wuce, da ɗan karkatawa.

Ranar Lahadi tun kafin rana ta yi zafi an jera bulo har kafaɗa, an kafa gora, hanyoyi biyu gefe da gefe, kowace da kwanarta. 'Yan kallo sun fara taruwa, don a lungunmu ko kaza aka yanka sai an zo an gani. Aka kawo wa Ammi kujera aka ajiye mata a inuwa. Ni da wani maƙwabci muka ɗauki firjin muka shiga tawa hanyar. A kwana ya ɗan gogi bulo, muka karkata shi, ya fita. Bayana ya yi ƙara, amma ban nuna ba. Na ajiye shi na kakkaɓe hannu.

"To, Bibi, gani ya kori ji. Ina hatimin?"

Tahmina ba ta dube ni ba, Ammi ta duba.

"Ramzan," in ji Ammi, "je ka ɗauko."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Apa, yayata, a bar maganar nan mana."

"Na ce ka je ka ɗauko."

Ya tafi yana jan ƙafa. Da ya dawo, shi da ladan ne, suna ɗauke da makarar masallaci, dogon gadon nan mai hannaye huɗu da ake kai kowa a kansa.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Mata suka hango makara ta nufo wajen gidanmu, kafin ka ce kwabo labari ya zaga lungu. Masi Barkat, maƙwabciyarmu wadda ba a taɓa yin makoki ba ita ba, ta fito da gudu mayafi a hannu tana dukan ƙirji. "Wayyo 'yar'uwata! Jiya-jiya muka yi hira! Wayyo, ta tafi ba sallama!"

"Ban tafi ba tukuna, Barkat," in ji Ammi daga kujerarta. "Adana muryarki, za a neme ta."

Masi Barkat ta tsaya cak da baki a buɗe, sannan ta nemi wuri ta zauna, don ba za ta bari a ba ta labari ba.

Ni kuwa kunya da haushi sun rufe ni. Na juya kan Tahmina. "Wannan shi ne karatun naku? Ki tara mini unguwa, ki kawo makara ƙofar gidan da ba a yi mutuwa ba? Hatimi na ce ki ba ni, hatimi!"

"Ba ita ta aika ba, ni na aika," Ammi ta ce. Ta miƙe ta tako har gaban makarar, ta cire takalmanta ta jera su, ta zauna a kai.

"Ammi, don girman Allah ki tashi. Ba kyau. Mutane na kallo."

"Gado ne, ba ya cizo. A sama ka ce zan zauna, ko ba haka ba? To a sama za a yi mini wanka, a sama za a sa mini likkafani. Ina so in ga ta inda zan sauko." Ta miƙe ƙafafu ta kwanta, ta ja mayafinta ta rufe fuska. "Ku ɗauka. Kai Shafkat, kama gaba."

Ba yadda na iya. Na kama hannun gaba na dama, Ustad Ramzan ya kama na hagu, ladan da maƙwabcin nan suka kama baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Muka nufi tawa hanyar. Tun a baki aka gane mutum biyu ba za su jera ba, dole Ustad ya saki, na riƙe hannayen biyu ni kaɗai ina tafiya da baya. Muka isa kwana. Na ja dama, ƙafar gadon ta daki bulo. Na ce su ɗaga baya, suka ɗaga, kan ya tokare. Muka koma, muka sake shigowa a karkace, Ammi ta zame gefe har sai da ta kama katakon da hannu. Bulo uku suka faɗo. Gumi ya jiƙa mini riga, ina ta ba da umarni, ja nan, sassauta can, kamar firji nake fitarwa. Makara ta tsaya, ba gaba ba baya.

Sai muryar Ammi daga ƙarƙashin mayafi.

"To, Shafkat. Kawo igiyar."

Ban gane ba. Amma na ga Masi Barkat ta rufe baki da hannu, na ga Robina ta juya baya, na ga dattawan lungu kowa ya sa ido a ƙasa. Muka sauke makarar a nan inda ta maƙale. Ammi ta yaye mayafin ta tashi zaune.

"Babanka a kan rufi ya cika," ta ce. "Ya hau ba tattabarunsa hatsi da safe, ya kishingiɗa a gado, shi ke nan. Ina gidan ƙanwata, Robina ta kai yara asibiti. Ba a gan shi ba sai bayan azahar, jiki ya riga ya sandare. Ka san girman babanka. Aka yi, aka yi, ya ƙi wuce kwanar matakala. Sau uku ana sauko da shi ana mayarwa. Daga ƙarshe aka ɗaure shi a jikin gado, aka zuro shi da igiya ta bango zuwa cikin lungu, kamar buhun alkama."

"Ammi..."

"Ban gama ba. Igiyar gefe ɗaya ta zame. Gadon ya karkace a sama, zanen da aka rufe shi ya yaye, hularsa ta faɗa kwata. Mutumin da ko ɗankwalina bai taɓa bari ya zame a gaban mutane ba. Ina tsaye a ƙasa ina kallo, lungun nan kaf suna kallo."

Ustad Ramzan ya share fuska da gefen rawaninsa. "Ni na gina matakalar, Shafkat. Babanka ya ce in matse ta don ɗaki ya ƙara faɗi, na matse. Kuma igiyar da ta zame a hannuna take."

A ranar da abin ya faru ina kan wani rufi a Maskat aka kira ni. Ban sami jirgi ba sai bayan kwana uku. Abin da aka gaya mini a waya, abin da kowa ya maimaita mini da na zo, shi ne an yi komai cikin mutunci. Shekara bakwai, duk zuwan da na yi gida, mutanen nan suna gaishe ni, muna shan shayi tare, ba wanda ya taɓa ko gwada mini. Ni kuma na tsaya a tsakar gida ina tambaya ko igiya ta ƙare a kasuwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?" Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Ke Robina? Ustad? Ke ma Bibi, sati uku kina kallona ina haushi kamar kare, ba sai ki ce mini ga dalili ba?"

"Amana aka ba ni," in ji Tahmina. "Na roƙi Khala ta gaya maka tun ranar farko."

"Ni na hana kowa," Ammi ta ce. "Kana can kana ƙonewa a rana saboda mu, ba ka sami sa wa babanka kafaɗa ba, sannan in ƙara maka da wannan? Na so yarinyar nan ta shawo kanka da maganar firji. Ashe taurin kan babanka ka kwaso duka." Ta koma ta kwanta, ta gyara mayafi. "Ku fitar da ni daga ramin nan, ku gwada ɗayar."

Muka ja da baya muka fito. Muka nufi hanyar Tahmina. Wannan karon mu huɗu muka ɗaga har kafaɗa, yadda ake yi, ni da Ustad a gaba kafaɗa da kafaɗa. Katakon ya zauna mini a gefen wuya. Muka shiga, muka isa filin da na yi ta zagi, makarar ta juya a hankali ba ta taɓa ko bulo ɗaya ba. Ladan, da bakinsa ya saba, ya fara kalmar shahada a ƙasa-ƙasa, sannan ya tuna ya yi shiru. Ni dai ban ga hanya sosai ba, hawaye sun cika mini ido, kuma ban sami hannun sharewa ba.

Da muka sauke, Ammi ta tashi zaune ta ce a kawo tawada. A kan makarar ta dangwala yatsanta a takardar.

Ginin ya ci wata goma sha ɗaya. Kada wani ya zaci daga ranar na zama waliyyi: mun yi faɗa da Tahmina a kan tagogi, mun yi a kan fenti, ta sa Ustad ya fasa wani ginshiƙi ya sake, har ya yi rantsuwa ba zai dawo ba, washegari ya riga kowa zuwa. Ashe aikin nata ba ya ƙarewa da hatimi, duk sati sai ta zo ta tsaya a kanmu. Shago ɗaya na samu. A ƙarƙashin filin matakalar ta fitar da wani ɗan lungu da wani tela ya shige da kekensa, hayarsa ba ta kai abin da na ci buri ba, kuma har yau in bayana ya motsa sai na kwana da tunanin makarantar yara. 'Yan lungu kuwa sun sa wa matakalar suna Babban Titi.

Ranar da muka tare, Ammi ta ƙi a riƙe ta. Ta kama ƙarfen gefe ta hau da ƙafarta, ɗaya bayan ɗaya, hawanta na farko cikin shekara takwas. Ina biye da ita da kayan shimfiɗarta a ka. Da ta isa filin kwana sai ta tsaya. Ta saki ƙarfen, ta buɗe hannayenta biyu iya tsawonsu, ba wanda ya kai bango. Ta daɗe a haka.

"Da nan ne," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "da babanka ya sauko da hularsa a kansa."

Na sauke kayan a kan matakala na zauna. Ita ta ci gaba da hawa.